Yadda ake kula da gashi mai lanƙwasa a Akra don ya yi ƙarfi kuma ya riƙe danshi

Gashi mai lanƙwasa shi ne wanda bai miƙe samɓal ba, bai kuma nannaɗe tamau ba. Yakan fito a kwance daga gindi, sai ya fara karkacewa daga wajen kunne zuwa ƙasa. A Nima da Mamobi da Madina da Sabon Zango ana yawan ce masa gashin Fulani, ko da yake akwai shi a gidajen Buzaye da na Shuwa, da na waɗanda suka haɗa jini da Larabawa, har da matan da suka sa rilaksa sama-sama don gashinsu ya saki ba tare da ya miƙe gaba ɗaya ba. Masu gyaran gashi suna sa shi a rukuni na 2, daga 2A mai ɗan karkacewa kaɗan zuwa 2C wanda ya kusa zama nannaɗaɗɗe.

Yawancin dabarun da iyaye suka bar mana, irin su lafta man kaɗanya, da kitso mai tsauri, da wanke kai sau ɗaya a wata, sun dace ne da gashi mai kauri mai nannaɗewa. Silin gashi mai lanƙwasa galibi siriri ne, kuma maiƙon fatar kai yana gangarowa a jikinsa cikin sauƙi. Man da zai gyara kan yayarki shi ne zai kwantar da naki ya yi nauyi, lanƙwasar ta ɓace, ƙurar titi ta manne. Saboda haka kafin ki sayi komai a kasuwar Makola, ki fara gano abin da gashin ya rasa.

Abin da ke cikin sili ɗaya

Kusan duk silin gashi furotin ne da ake kira keratin. Cikinsa ne ke ɗauke da ƙarfi da launi, bayansa kuma akwai ɓawo mai hawa-hawa kamar ɓawon kifi. In ɓawon ya kwanta, gashi yana sheƙi, tsefe shi ba wuya, kuma ruwan da ke ciki ba ya saurin fita. In ya tashi ko ya ɓantale, ruwa yana shiga da sauri ya fita da sauri, silin yana kama juna, ƙarshensa ya tsage.

Abubuwan da ke tayar da ɓawon sanannu ne: rilaksa, rini, zafin ƙarfen miƙar da gashi, rana, taje gashi da ƙarfi yana jiƙe, da sabulu mai kaifi. Gashin da ya riga ya fito daga fata matacce ne, ba ya warkewa da kansa. Furotin ɗin da ake shafawa yana cike gurabun da suka ɓantale ne na ɗan lokaci, kuma wanki yana tafiya da shi a hankali. Danshi kuwa ruwa ne. Mai ba ya ƙara wa gashi ruwa, aikinsa rage saurin fitar wanda ke ciki. Matar da ta shafa man kaɗanya a busasshen gashi ta rufe bushewar ne kawai.

Mataki na farko: a wanke datti kafin a yanke hukunci

Tarin mai da kirim da gishirin ruwa a jikin gashi yana kawo alamu iri ɗaya da na bushewa: gashi ya dushe, ya yi kaushi, kwandishana ta daina kama shi. Mata da yawa suna ganin haka sai su ƙara mai, abin ya ƙara lalacewa. Ki wanke sau ɗaya da shamfu mai kumfa sosai, irin wanda za ki ga an rubuta sulfate a cikin jerin kayan haɗinsa. Ki cuɗa sau biyu, ki ɗauraye, kada ki sa komai tukuna. Yanzu ne gashin zai nuna gaskiyar halinsa.

Ki tsinci sili uku ko huɗu daga matsefi, waɗanda suka zube da kansu, ki jiƙa su, ki riƙe kowanne da yatsu ki ja a hankali. Lafiyayyen sili yana miƙewa har kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawonsa, in kin saki ya koma yadda yake. In ya yi ta miƙewa bai koma ba, daga ƙarshe ya tsinke laɓa-laɓa, ƙarfi ya rasa, furotin yake buƙata. In kuma ko miƙewa bai yi ba ya karye ƙas, ya bushe ne, ko furotin ya yi masa yawa. Ki gwada daga wurare daban-daban, domin gashin goshi da na ƙarshen jela sun fi na ƙeya shan wahala, kuma sau da yawa gindi lafiya lau yake, ƙarshen ne kawai ya lalace.

Akwai gwajin da ake yaɗawa na jefa sili cikin kofin ruwa a ga ko zai nutse. Kada ki dogara da shi. Ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya sa sili ya yi ta yawo a saman ruwa ko da ya lalace. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne yadda gashin ke jiƙa da yadda yake bushewa: wanda ya sha ruwa nan take kuma ya bushe cikin rabin awa ɓawonsa a buɗe yake, shi ne furotin ke yi wa amfani. Wanda ruwa ke zamewa a kansa, ya ɗauki awanni bai bushe ba, ɓawonsa a rufe yake, furotin kaɗan ya ishe shi, kuma mai nauyi ba nasa ba ne.

Ranar wanki

A zafi da gumin Akra, musamman ga mai yini da hijabi, wanki sau ɗaya ko biyu a mako shi ne daidai. Barin kai mako uku ba wanki yana kawo amosani da ƙaiƙayi, sosawa kuma tana karya gashi daga gindi.

Minti 30 kafin wanki ki narka ƙaramin cokali ɗaya na man kwakwa a tafin hannu, ki shafa daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe. In gashin ya wuce kafaɗa ki sa cokali biyu. Man kwakwa yana cikin mayuka ƙalilan da ke iya ratsawa cikin sili, kuma yana rage kumburin da gashi ke yi in ya sha ruwa, wanda shi ne ke ɓantare ɓawo a hankali. Wasu kawuna ba sa shiri da shi, sai gashin ya ƙandare. In naki haka yake, ki koma man zaitun. Ki warware duk wani ƙulli da yatsu tun gashin yana da mai, ki faro daga ƙarshe ki hau sama.

Ki jiƙa kan da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na shamfu mai sauƙi a rabin kofin ruwa, ki kaɗa, ki zuba a fatar kai, ki cuɗa da tsokar yatsu, ban da farce. Kada ki tattara gashin a tsakar ka kina murzawa. Kumfar da ke gangarowa lokacin ɗauraya ta isa ta wanke jelar.

Sabulun salo, wanda ake sayarwa a nan da sunan alata samina, yana wanke datti tas, amma yana da kaifi. A ma'aunin pH, wanda ke auna tsami da kaifin abu, gashi da fatar kai suna wajen 4.5 zuwa 5.5, sabulu kuwa yakan kai 9 ko 10, abin da ke sa ɓawon gashi ya kumbura ya tashi. In dole sai da shi, ki narka ɗan gutsure a ruwa mai yawa, bayan wankin kuma ki ɗauraye da babban cokali ɗaya na khal ɗin tuffa a cikin leda ɗaya ta fiya wata, wato mililita 500. Ki bar shi minti biyu ki sake ɗaurayewa. Kanwa da bakin soda kuwa kada su kusanci gashi, duk wadda ta ba ki shawarar.

Sai kwandishana. Ki matse ruwan gashin kaɗan, ki ɗebi babban cokali ɗaya, ki shafa daga kunne zuwa ƙasa. Gindin gashi mai lanƙwasa ba ya buƙatarta, in ta taɓa shi kwana ɗaya zai yi maiƙo. Ki taje da matsefi mai manyan haƙora tun tana jiki, ki bar ta minti uku zuwa biyar. Daga nan ki sunkuyar da kai, ki riƙa ɗebo ruwa a tafin hannu kina matsa gashin sama zuwa fatar kai. Za ki ga silin yana haɗuwa rukuni-rukuni, lanƙwasar tana fitowa. Ki ɗauraye.

Tun gashin yana ɗiga ki shafa kirim marar nauyi wanda ba a wankewa, gwargwadon ƙwayar gyaɗa ɗaya ko biyu, ki bi shi da jel in kina son lanƙwasar ta tsaya. Ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi. Tawul mai kaushi yana tayar da ɓawo. Kada ki ƙara taɓa gashin har ya bushe. Jel yakan bar shi da ɗan tauri, sai ki ɗiga mai digo biyu ko uku a hannu ki matsa shi a hankali, taurin zai saki. Taje busasshen gashi mai lanƙwasa da buroshi shi ne ke sa ya tashi buzu-buzu.

Yadda ake ba shi furotin

Ki duba bayan kwalba. Abin da kike nema shi ne kalmar hydrolyzed a gaban keratin ko alkama ko siliki ko shinkafa, wato an farfasa furotin ɗin ya zama ƙanana yadda zai manne a gurabun sili. In yana cikin kayan haɗi biyar ko shida na farko, maganin mai ƙarfi ne. In yana can ƙasan jerin, mai sauƙi ne, ana iya amfani da shi kowane mako. Ki duba kuma lambar rajistar hukumar FDA ta Gana da ranar lalacewa, domin kayan gashi na jabu sun yi yawa a kasuwa.

Gashin da bai taɓa ganin rilaksa ko rini ba, sau ɗaya a mako huɗu zuwa shida ya ishe shi. Wanda aka rina ko aka sa wa rilaksa, ko wanda ake yawan miƙarwa da ƙarfe, sau ɗaya a mako biyu zuwa uku. Ana shafawa bayan shamfu, a gashi mai ɗanshi, daga tsakiya zuwa ƙarshe, a bar shi iya mintunan da aka rubuta, galibi biyar zuwa goma. Ƙara lokaci ba ya ƙara amfani. In irin wanda ke bushewa ya ƙandare a ka ne, kada ki lanƙwasa gashin ko ki taje shi a wannan hali, zai kakkarye. Ki jiƙa shi sosai har ya saki tukuna. Kowane lokaci a bi furotin da kwandishana mai laushi marar furotin na minti goma.

Ƙwai da mayonis da ake kwaɓawa a gida suna sa gashi sheƙi saboda maiƙon gwaiduwa, amma furotin ɗin ƙwai manya ne, ba sa kama sili, ruwa yana tafiya da su. In kuma aka ɗauraye da ruwan zafi, ƙwan ya dahu a ka. Ruwan shinkafa yawancinsa sitaci ne da ke lulluɓe sili ya ba shi ɗan kauri. Rabin kofin shinkafa a kofi biyu na ruwa, a jiƙa minti 30, a tace, a zuba a gashi minti biyar a ɗauraye. Sau biyu a wata ya isa, wadda ke yi kullum za ta ga gashinta ya yi ƙamas. Abin da ya fi kusa da na kwalba a cikin kayan kicin shi ne garin jelatin: ƙaramin cokali biyu a rubu'in kofin ruwan zafi, in ya huce a haɗa da babban cokali biyu na kwandishana, a bar shi a gashi minti goma. Sai dai jelatin da yawa daga fatar alade ake yin sa, don haka a tabbatar na saniya ne ko na kifi kafin a saya.

Lalle ma yana ƙara wa gashi ƙarfi, domin launinsa yana kama keratin ya zauna. Wadda ke sa lalle a ka ta ɗauke shi a matsayin furotin, kada ta haɗa su a mako ɗaya. Yawan maimaita shi yana nauyaya sili har lanƙwasar ta ragu. Baƙin lalle kuwa galibi ana haɗa shi da sinadarin PPD, wanda ke sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuraje.

Alamar furotin ya yi yawa ita ce gashi ya yi tauri da kaushi, ya ƙi lanƙwasa, ki riƙa ganin gajerun gutsattsari a kafaɗa. Ki duba duk kayanki, domin sau da yawa shamfu da kwandishana da kirim duk suna da furotin ba ki sani ba. Ki ajiye su mako uku, ki wanke da shamfu mai kumfa sau ɗaya, ki koma danshi zalla.

Yadda ake ba shi danshi

Sau ɗaya a mako, ko a mako biyu in gashin siriri ne ƙwarai, ki yi stimin. Babban cokali biyu na kwandishana mai kauri, ƙaramin cokali ɗaya na zuma, ƙaramin cokali ɗaya na man zaitun. Ki shafa, ki rufe da hular leda, ki ɗaura tawul mai ɗumi, minti 15 zuwa 20. Kwana da shi kuskure ne ga irin wannan gashi. Sili da ya daɗe a jiƙe yana kumbura ya yi rauni, da safe ki same shi luɓus, ba ya riƙe lanƙwasa, yana miƙewa in an ja. Wannan shi ne danshi ya yi yawa, maganinsa furotin sau ɗaya da rage stimin.

Karkashi, wanda kakanni suka daɗe suna wanke kai da shi, yana da yauƙin da ke sa matsefi ya wuce ba tare da ya tsinka gashi ba. In ba a same shi ba, kuɓewa tana yin aikin. Ki yanka ɗanya guda biyar ko shida a ruwa mililita 500, ki tafasa minti goma, ki tace da tsumma mai tsabta tun da ɗumi. Ana shafa shi kafin tsefewa, ana kuma barin kaɗan a gashi a maimakon jel. Ba ya wuce kwana huɗu ko biyar a firji, in an ɗauke wuta dare guda ki shinshina kafin ki shafa, in ya yi tsami ki zubar.

Man kaɗanya na Tamale yana da kyau, amma ga wannan gashi gwargwadon ƙwayar wake ya isa, a narka a hannu, a shafa a ƙarshen jela kawai, kuma a kan gashi mai ɗanshi.

Ruwa da yanayi

Ruwan famfo na matatun ruwa na Weija da Kpong bai cika damun gashi ba. Unguwannin da suka dogara da rijiyar burtsatse ko tanka su ne ke fama, domin ruwan wasu rijiyoyin yana da gishiri da ma'adinai masu taruwa a jikin sili. In sabulu ba ya kumfa sosai, kuma butar shayi tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanki irin wannan ne. Ki yi ɗaurayar ƙarshe da leda biyu na fiya wata, sau ɗaya a wata kuma ki yi amfani da ruwan khal ɗin nan ko shamfu mai ɗauke da EDTA, sinadarin da ke cire ma'adinai daga gashi. Mai zuwa wanka a Labadi ta jiƙa gashinta da ruwan daɗi kafin ta shiga teku, ta ɗauraye da zarar ta fito.

Yawancin shekara iskar Akra cike take da laima, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba. A lokacin nan gashi mai buɗaɗɗen ɓawo yana zuƙar ruwa daga iska ya kumbura ya tashi. Ki rage kayan da gilisarin ke saman jerinsu, ki rage zuma, ki ƙara jel, furotin kuma ya zo a kan lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko, abin ya juya: iska ce ke zuƙe ruwan gashi. Ki jinkirta furotin, ki yi stimin kowane mako, ki ƙara ɗan mai a ƙarshe. Hunturun Akra bai kai na Kumasi ba, balle na Tamale ko Bawku, saboda haka mai tafiya gida arewa a wannan lokaci ta tafi da kirim mai ɗan kauri.

Ƙarƙashin hijabi da ɗankwali

Kada ki rufe gashi yana jiƙe. Laima da zafi a ƙarƙashin hijabi suna kawo wari da amosani, kuma jiƙaƙƙen sili ya fi saurin tsinkewa in yadi yana gogarsa. In lokaci ya ƙure, ki busar da diraya a matsakaicin zafi, ki nisanta ta da kai kamar tsawon tafin hannu. Wadda wankan tsarki ke sa ta jiƙa kai sau da yawa a mako ba sai ta sa shamfu kowane lokaci ba. Ruwa ya ratsa, in ta gama ta shafa ɗan kirim a ƙarshen gashin ta bar shi ya bushe.

Hular auduga tana shanye danshi, ta yadin satin ta fi. A ɗaure gashin sako-sako da ribom mai yadi, ban da robar kuɗi, kuma a riƙa sauya wurin ɗaurin. Kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna cinye gaban goshi, siririn gashi kuma ba ya jure su kamar mai kauri. In kitso ya hana ki barci ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin goshi, ki kwance shi a ranar. Mai sa rilaksa ta bar mako takwas zuwa goma sha biyu tsakani, a shafa a sabon tsiro kaɗai. Ƙarfen miƙarwa kada ya wuce digiri 180 a ma'aunin Celsius, kuma kada ya taɓa gashin da bai bushe sarai ba, domin ruwan cikin silin yana tafasa ya fasa shi.

Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata. Ƙarshen da ya tsage ba mai haɗe shi, a datse rabin santimita zuwa ɗaya da almakashi mai kaifi duk wata uku. Duk abin da za ki sauya, ki sauya ɗaya ki ba shi wanki uku kafin ki taɓa wani, in ba haka ba ba za ki san wanda ya gyara ko ya ɓata ba.

Ki bambanta karyewa da zubewa. Karyayyen gashi gajere ne, zubabbe kuwa dogo ne da ɗan farin kai a gindinsa. Zubewar sili 50 zuwa 100 a rana ba komai ba ne, haka ma yawan zubewar da ke farawa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, wadda takan tsaya da kanta kafin shekara. Amma in zubewar ta wuce wata shida, ko tsagar kai tana faɗi, ko wani wuri ya yi sanƙo zagaye, ko fatar tana ruwa da ɓawo, abin ya wuce na kwandishana. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da makero duk suna zubar da gashi. A je asibitin unguwa a auna jini, in da buƙata su tura ki wajen likitan fata a asibitin Korle Bu.